Ku Tambaya, Mu Amsa: Yadda Garin Turawan Holan ya Faɗa Hannun Ingila ya Zama Niyok

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato tarihin birnin Niyok na Amurka kafin ya samu wannan suna a 1664, lokacin da Ingila ta karɓe shi daga hannun Holan. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna, masu tsawo kuma mun taƙaita su.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a lise, ina shirin bak. Malaminmu na tarihi ya ce Niyok asalinta ta Holan ce. Ni dai abin da na san Holan da shi atamfa ce da madara. Yaya aka yi ƙaramar ƙasa haka ta mallaki wuri a Amurka? Daga wani ɗalibi, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Ɗanmu, malaminka ya faɗi gaskiya. Holan ƙarama ce a faɗin ƙasa, amma a ƙarni na 17 babu wanda ya kai ta yawan jiragen fatauci a Turai. A 1609 kamfaninta mai cinikin Gabas ya ɗauki wani matuƙin jirgi ɗan Ingila, Henry Hudson, don ya nemo gajeriyar hanyar zuwa Asiya. Bai samu hanyar ba, sai ya faɗa wani babban kogi, ya bi shi har kusa da inda garin Albany yake yau. Har gobe da sunansa ake kiran kogin. Labarin da ya isa Amstadam shi ne wurin cike yake da fatu.

Fatar da ake nufi ta wata dabbar ruwa ce da ake kira biba, mai kama da ƙatuwar gafiya, mai faffaɗar wutsiya. Da gashinta ake yin hulunan da manyan Turai ke sawa a lokacin. Ƴan asalin ƙasar ne ke kamo dabbar, su kawo fatun a musanya musu da gatura, wuƙaƙe, tukwanen ƙarfe, yadi, daga baya har da bindigogi.

A 1621 gwamnatin Holan ta ba Kamfanin Yammacin Indiya izinin shi kaɗai zai yi ciniki a Amurka da gaɓar Afirka ta Yamma, tare da ikon gina bariki, ɗaukar soja, naɗa gwamna da ƙulla yarjejeniya. Ka riƙe wannan da kyau, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso: kamfani ne ke riƙe da wurin, kamar yadda Kamfanin Neja na Ingila ya riƙe bakin Kwara daga 1886 zuwa ƙarshen 1899. A 1624 iyalai kimanin 30 suka iso, yawancinsu ma masu magana da Faransanci ne. A 1625 aka fara gina bariki a kudancin tsibirin Manhattan, garin da ya tsiro a gefensa aka kira shi Sabuwar Amstadam, yankin gaba ɗaya kuma Sabuwar Holan.

A wurin kamfanin, wannan yanki ɗan bora ne. Ƴan mowa su ne gonakin rake na Burazil da ya riƙe daga 1630 zuwa 1654, da Elmina ta ƙasar Gana ta yau da ya ƙwace daga Fotugal a 1637, da tsibirin Kurasawo. Can kuɗi da soja suke tafiya. Mutanen Holan kuma ba su da dalilin barin gida, don ƙasarsu na cikin wadata. Shi ya sa garin ya cika da baƙi daga ko'ina. Wani limamin Katolika, Isaac Jogues, da ya bi ta garin a 1643, ya rubuta cewa gwamna ya gaya masa harsuna 18 ake yi a wurin. Zuwa 1664 mutanen garin kimanin 1,500 ne, na yankin duka ba su kai 10,000 ba, alhali Turawan Ingila da ke maƙwabtaka da su ta arewa maso gabas sun haura 30,000.

Tambaya: Wai gaskiya ne dala 24 aka sayi tsibirin Manhattan? In haka ne ai an cuci masu shi. Daga wani ɗan kasuwa, babbar kasuwar Maradi.

Amsa: Alhaji, ba a biya ko dala ɗaya ba, don a lokacin babu ma Amurka balle kuɗinta. Shaidar da ake da ita wata wasiƙa ce ta Nuwamba 1626 da wani jami'i mai suna Pieter Schaghen ya aika wa majalisar Holan, yana cewa an sayi tsibirin da abin da ya kai gilda 60, wato kuɗin Holan. Kaya aka bayar, a zamanin gwamna Peter Minuit. A ƙarni na 19 ne aka juya gilda 60 zuwa dala bisa canjin wancan lokaci, aka samu 24, lissafin ya manne a bakin mutane.

Ga ma'aunin da ya fi wannan. Wasiƙar ta lissafa kayan jirgin da ya kawo labarin, a ciki akwai fatar biba 7,246. Daga baya an tsayar da fata ɗaya a kan gilda 8. Ke nan kuɗin tsibirin bai wuce na fatu bakwai ko takwas ba.

Zaluncin da ke ciki ya wuce na farashi. Mutanen Lenape masu ƙasar ba su san sayar da ƙasa har abada ba. Abin da suka sani ya fi kama da aron gona: ka zauna, ka noma, ka riƙa kawo ɗan abin gaisuwa, amma ƙasar tana nan ta masu ita. Bature kuwa ya ɗauka ya saya, ya kafa shinge. Duk wanda ya taɓa zama a fada ana shari'ar gonar aro da ƴaƴan mai aron suka ce gado ce, ya san inda irin wannan saɓani ke kaiwa. Can ya kai ga jini. Gwamna Willem Kieft ya ɗora wa ƴan ƙasar haraji, sannan a Fabrairu 1643 ya sa aka yi musu kisan gilla da dare, yaƙi ya ɓarke har 1645, gonakin Turawa da yawa suka ƙone. Mazauna garin ba su manta cewa gwamnan kamfani ne ya jawo musu wannan ba.

Tambaya: Me Ingila ke nema a wurin har ta kai hari ba tare da an shelanta yaƙi ba? Daga wani mai fiton kaya, Ɗan Isa.

Amsa: Malam, kai da ke aiki a bakin iyaka za ka fi kowa ganewa. Ingila tana da mazauna a arewa, wajen Boston, tana da wasu a kudu, Bajiniya da Maryland masu noman taba. Sabuwar Holan ta zauna daram a tsakiya, kuma tashar jirginta ta fi duka kyau. A 1651 da 1660 Ingila ta yi dokokin da suka ce kayan yankunanta sai a jiragenta za a ɗauka, taba da sukari kuma sai sun bi ta Ingila an biya duwan. Manoman taba suka ga jiragen Holan sun fi arha, sai suka riƙa bi da kayansu ta Sabuwar Amstadam. Fasa-ƙwauri ke nan, kuma muddin garin na hannun wata ƙasa babu yadda za a toshe shi.

Hujjar da Ingila ta kafa ita ce John Cabot ya ga gaɓar a 1497 da sunan sarkinta. Holan ta ce ita ta zauna, ta saya, ta gina. Tun kafin a zo ga jiragen yaƙi, manoman Ingila sun daɗe suna cin iyaka da garma. Holan ta kafa ƙaramin bariki a kogin Connecticut a 1633, cikin ƴan shekaru mazaunan Ingila suka kewaye shi da gonaki. A 1650 aka shata iyaka a garin Hartford, majalisar Holan ta amince, Ingila ba ta taɓa sa hannu ba.

A Maris 1664 Sarki Charles na Biyu ya rubuta wa ƙanensa James, mai riƙe da sarautar Yok, takardar mallakar duk ƙasar da ke tsakanin kogin Connecticut da kogin Delaware. Kyauta ce da kayan wani. James ɗin nan shi ne shugaban sojan ruwan Ingila, shi ne kuma uban kamfanin Ingila mai cinikin zinariya da bayi a gaɓar Afirka, wanda kamfanin Holan ya tare wa hanya. Don haka harin Amurka da na gaɓarmu tafiya ɗaya ce. A farkon wannan shekarar wani kyaftin, Robert Holmes, ya ƙwace tsibirin Gore na Sinigal da barikin Cape Coast na ƙasar Gana ta yau daga hannun Holan.

Tambaya: Na yi shekaru ina aikin soja. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne an ce an karɓe garin ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kwamandan matsoraci ne, ko cin amana aka yi? Daga wani tsohon soja, Tibiri.

Amsa: Baba, ranka ya daɗe. Ba tsoro ba ne, ba kuma cin amana ba. Gwamnan, Peter Stuyvesant, tsohon soja ne da harsashin igwa ya cire wa ƙafar dama a 1644, da ƙafar katako yake tafiya. A 1655 shi da kansa ya ja runduna ya ƙwace yankin Suwidin da ke kogin Delaware. Bari mu jera maka abin da ya tarar a gabansa, ka auna da idon soja.

Tun daga labarin asiri aka fara kuskure. A watan Yuli na 1664 an kawo masa labarin jiragen Ingila na tafe, ya fara shiri. Sai wasiƙa ta zo daga shugabannin kamfani a Amstadam cewa ya kwantar da hankali, jiragen za su Boston ne don daidaita sha'anin coci. Jin haka ya sassauta, ya tafi barikin Orange, fiye da kilomita 200 a saman kogi, don kashe wata rigima. Da ya dawo a gaggauce, kwanakin shiri sun riga sun tafi.

A ƙarshen Agusta Kanar Richard Nicolls na Ingila ya iso da jiragen yaƙi huɗu da sojoji 300 zuwa 450. Bai fara da harbi ba. Ya toshe mashigar teku, ya hana manoma kai abinci gari, ya sauke sojoji a tsibirin Long Island da ke tsallaken ruwa. Nan ƴan sa-kai na garuruwan Ingila suka taru suka haɗe da shi.

A cikin bariki kuwa sojojin kamfani kimanin 150 ne, sai ƴan gari kimanin 250 masu iya riƙe bindiga. Igwa ashirin da ƴan kai. Albarushi mai kyau laba 600 ne kawai, kusan kilo 300, sauran ya tsufa ya lalace. An ruwaito mai kula da igwa yana cewa in aka fara harbi da hantsi, kafin la'asar ya ƙare. Katangar barikin ta ƙasa ce, tsayinta ƙafa 8 zuwa 10, an gina ta ne don tare masu kwari da baka. Gidajen mutane sun manne da ita, ana iya hawa ta kansu. Akwai tudu a kusa da ke leƙa cikinta. Babu rijiya a ciki. Ganuwar katako da aka yi wa garin ta arewa a 1653 ba ta da amfani ga wanda ya zo ta ruwa, ga shi gefen koguna biyu a buɗe yake. Stuyvesant ya sha rubuta wa kamfani yana neman soja da albarushi, abin da ake aiko masa bai taka kara ya karya ba.

Duk da haka ya so ya yi faɗa. Abin da ya karya shi mutanensa ne. Ya aika wa ƙauyukan Holan na Long Island su ba da mutum ɗaya cikin kowane uku, suka ce ba za su bar matansu da ƴaƴansu da amfanin gona ba kariya ba. Nicolls kuma ya gane inda raunin yake. Ya baza shela cewa duk wanda ya bi sarkin Ingila zai ci gaba da cin dukiyarsa lafiya. Gwamnan Connecticut, John Winthrop, ya shigo da farar tuta ɗauke da wasiƙa mai alkawarin cewa mutanen Holan za su ci gaba da zuwa suna zama, jiragensu na shiga da fita. Magadan gari suka ce a karanta wa jama'a. Stuyvesant ya san in aka karanta zance ya ƙare, sai ya yayyaga ta a gabansu. Labari ya bazu, masu gyaran ganuwa suka ajiye shebur suka cika ƙofar majalisar gari suna neman wasiƙar. Dole aka tsince guntayen, aka jera, aka kwafe.

Da jirage biyu suka wuto ta gaban bariki, yana tsaye a kan katanga kusa da mai igwa, wuta a kunne. Limamin coci Megapolensis da ɗansa ne suka lallashe shi suka janye shi daga wurin. Bayan haka manyan gari 93 suka sa hannu a takardar koke suna roƙonsa kada ya jawo a zubar da jinin mata da yara, a wawashe gidaje. Cikin masu sa hannun har da ɗansa Balthazar. An ruwaito ya ce ya fi son a fitar da gawarsa, amma ya yarda a zauna.

A ganinmu a nan ainihin dalilin yake. Shekara 40 kamfani na riƙe da mutanen nan kamar saniyar tatsa. Sun nemi a ba su murya a kan haraji da dokoki, sai 1653 aka ba garin majalisa, ita ma gwamna ke naɗa mutanenta da farko. Stuyvesant ya takura wa mabiya wasu ɗariƙun Kirista, ya nemi korar Yahudawa 23 da suka zo daga Burazil a 1654 har sai da kamfani ya hana shi. Kuɗin da ake kashewa a gari, wani irin wuri ne na ƙwanson teku, darajarsa sai faɗuwa take yi, kamar yadda wuri ya yi a ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Kamfanin da ke karɓar haraji bai iya kare su ba. Mutumin da aka ce ya mutu don ribar masu hannun jari a Amstadam, ga kuma wani a bakin ƙofa yana cewa gidanka da shagonka da cocinka naka ne, ba shi da wahalar zaɓi. A wannan yanayi, kwamandan da ya buɗe wuta zai kashe mutanensa ne a banza, kuma muna ganin Stuyvesant ya yi daidai da ya saurare su.

Ran 6 ga Satumba wakilai shida-shida suka zauna a gonarsa suka tsara sharuɗɗa. Ran 8 sojojin Holan suka fito da makamansu, ana kaɗa ganga, tutoci a sama. Aka sa wa garin suna Niyok, wato Sabuwar Yok, don sarautar James. Barikin Orange ya zama Albany. A Delaware ne kawai aka zubar da jini: kwamandan can ya ƙi miƙa wuya, wani kwamandan Ingila, Robert Carr, ya afka masa a Oktoba, aka kashe wasu, aka wawashe dukiya, aka sayar da sojojin da aka kama.

Tambaya: Mutanen da suka zauna, an bar musu gidajensu da addininsu? Gadon mata fa? Daga wata malamar makaranta, Sabon Gari, Maradi.

Amsa: Malama, takardar miƙa wuyar tana da sharuɗɗa 23, kuma masu sauƙi ne ƙwarai in aka kwatanta da abin da aka saba a wancan zamani. Kowa zai riƙe ƙasarsa, gidansa, kayansa da jirginsa. Wanda ke son tafiya yana da shekara ɗaya da mako shida ya sayar ya tashi. An bar musu ibadarsu da tsarin cocinsu. Ba za a tilasta wa ɗan Holan shiga yaƙi ba. Ba za a sauke soja a gidan mutum ba tare da biya ba. Hukuncin da kotu ta riga ta yanke ba za a tada shi ba, takardun gado da na marayu za su zauna a hannun masu kula da su. Sojan Holan da ya zaɓi zama ya yi noma za a ba shi eka 50, kimanin hekta 20. Gado kuma za a raba shi bisa al'adarsu.

Wannan na ƙarshen yana da nauyi ga mata. A dokar Holan miji da mata sun haɗa dukiya, in ɗaya ya mutu rabi na mai rai ne, ƴaƴa mata da maza kuma daidai suke gado. Matar aure na iya ciniki da sunanta, ta kai ƙara kotu. A dokar Ingila dukiyar matar aure tana komawa ƙarƙashin miji, ƙasa kuma babban ɗa namiji ke gada in babu wasiyya. Ba a soke al'adar Holan rana ɗaya ba. Kotuna ne suka koma bin dokar Ingila sannu a hankali, matan da ke ciniki da sunansu suka riƙa raguwa.

Sauran alkawuran ma haka. A Oktoba 1664 aka sa su rantsuwar biyayya ga sarkin Ingila. A Yuni 1665 aka rushe majalisar gari irin ta Holan, aka kafa irin ta Ingila, Thomas Willett ya zama magajin gari na farko. Alkawarin zuwan jiragen Holan kuma ya ci karo da dokokin duwan da aka yi harin dominsu, bai daɗe ba. Coci ne ya fi jurewa: sai 1764, shekara 100 cif, aka fara wa'azi da Ingilishi a cocin Holan na birnin.

Tambaya: Holan tana da jiragen yaƙi. Me ya hana ta ƙwato garinta? Daga wani ɗalibin jami'a, Maradi.

Amsa: Ta ƙwato shi, ɗanmu, sannan ta sake shi da hannunta. Amma dubi inda ta fara aika jiragenta a 1664: gaɓar Afirka. Babban kwamandanta, Michiel de Ruyter, ya dawo da Gore a Oktoba, ya bi gaɓa yana karɓe abin da Holmes ya ƙwace, a 1665 ya ci barikin Ingila na Kormantin. Cape Coast ce ta gagare shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ya fi daraja a idonta.

An shelanta yaƙi a Maris 1665. Holan ce ta fi ƙarfi a ƙarshensa. A Yuni 1667 jiragenta suka kutsa kogin Medway kusa da Landan, suka ƙona jiragen yaƙin Ingila, suka ja babban jirgin sarki zuwa gida. Da aka zauna sulhu a garin Breda ran 31 ga Yuli 1667, aka tsaya a kan kowa ya riƙe abin da ke hannunsa. Ingila ta riƙe Niyok da Cape Coast. Holan ta riƙe Kormantin, da Surinam mai gonakin rake da ta ƙwace a Fabrairun wannan shekarar, da wani ɗan tsibiri mai suna Run a Indunusiya ta yau, mai tsawon kilomita uku, inda gyaɗar ƙamshi ke tsiro. Ana yawan cewa an musanya Manhattan da Run. Ba ciniki aka yi na ba ni gishiri in ba ka manda ba, kowa abin da ya riga ya kama ya tabbatar. Kuma da lissafin 1667, sukari da kayan ƙamshi sun fi fatun da suka fara ƙaranci kawo kuɗi. Sai 1975 Surinam ta samu ƴancin kai daga Holan.

A 1672 yaƙi ya sake tashi. A Agusta 1673 kwamandojin Holan biyu, Cornelis Evertsen da Jacob Binckes, suka iso da jirage kimanin 20. Gwamnan Ingila, Francis Lovelace, ba ya gari, ya tafi Connecticut. Mataimakinsa John Manning ba shi da ko soja 100. Aka ɗan yi musayar wuta, sojoji 600 suka sauka ƙarƙashin Anthony Colve, bariki ya miƙa wuya. Ingila ma ba ta gyara katangar ba. Aka sa wa garin suna Sabuwar Orange.

Wata 15 kawai hakan ya ɗore. A gida an yi wa Holan taron dangi: Faransa ta Louis na 14 ta shigo ta ƙasa, Ingila ta ruwa, ga wasu sarakunan Jamus biyu, har sai da ta fasa madatsun ruwanta ta malale gonakinta don tare sojan Faransa. Abin da take buƙata shi ne Ingila ta fita daga yaƙin. A yarjejeniyar Westminster ta Fabrairu 1674 ta yarda ta mayar da garin, ran 10 ga Nuwamba aka miƙa shi ga sabon gwamnan Ingila, Edmund Andros. A wannan shekarar aka rushe kamfanin Holan saboda bashi. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga mazauna garin ba. Mu a nan mun san irin wannan. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898, 1904 da 1906 ne suka shata layin da ya bar Maradi a ɓangaren Faransa, Katsina a na Ingila, ba tare da an nemi jin ta bakin Katsinawan ko wane ɓangare ba.

Stuyvesant kuwa an kira shi Holan a 1665 ya kare kansa, kamfani na ɗora masa laifi shi kuma yana fito da wasiƙun da ya rubuta yana neman albarushi. Ya koma gonarsa a Manhattan, can ya rasu a 1672.

Tambaya: Akwai baƙar fata a garin a lokacin? Me canjin mulki ya yi musu? Daga wata Hajiya, Madarumfa.

Amsa: Hajiya, akwai su tun farko, kuma da ƙarfinsu aka gina barikin da ganuwar. Wajen 1626 aka kawo maza 11 a matsayin bayin kamfani. Sunayen da aka rubuta musu suna nuna inda aka kamo su, irin su Paulo na Angola da Simon na Kwango. A 1644 suka kai koke, aka ba su rabin ƴanci da gonaki a bayan gari, bisa sharaɗin kowane ɗayansu zai kawo wa kamfani awo 30 na hatsi da ƙaton alade ɗaya duk shekara, ƴaƴansu kuma bayi ne. Kada a ɗauka mulkin Holan jinƙai ne, kamfanin nan yana cikin manyan masu fataucin bayi na zamaninsa. Ƴan kwanaki kafin zuwan Nicolls, jirginsa mai suna Gideon ya sauke mutum 290 a garin. Da wannan jirgin aka kwashe sojojin Holan zuwa gida.

Takardar miƙa wuya ba ta ce komai a kan ƴancin bayi ba, dukiyar iyayengijinsu ta kare. Wasu masu rabin ƴanci sun ga inda abin ya dosa, suka roƙi cikakken ƴanci ana tsakiyar tattaunawar, aka ba su. A ƙarƙashin Ingila ƙofofin da suka rage suka riƙa rufewa. Aka yi dokoki masu tsanani a 1702, aka ƙara bayan boren bayi na 1712. Wajen 1740 kusan mutum ɗaya cikin biyar a birnin bawa ne. Sai 1827 bauta ta ƙare a jihar. A 1991 masu haƙa harsashin gini a kudancin Manhattan suka faɗa kan tsohuwar maƙabartarsu, aka tono ƙasusuwan mutum 419, aka sake binne su a 2003.

Tambaya: Wani littafi ya ce 27 ga Agusta aka sa hannu, wani ya ce 6 ga Satumba. Wanne ne daidai? Kuma me ya rage na Holan a birnin? Daga wani malamin firamare, Tasawa.

Amsa: Malam, duka biyun rana ɗaya ce. Ingila a lokacin tana bin tsohuwar kalanda mai bayan ta Holan da kwana 10, ba ta canza ba sai 1752. Ka ƙara 10 a kan ranar da takardun Ingila suka ba da, za ka samu ta Holan.

Abin da ya rage yawancinsa sunaye ne. Brooklyn daga garin Breukelen na Holan, Harlem daga Haarlem, Bronx daga wani manomi Jonas Bronck, Bowery daga kalmarsu ta gona, don hanyar gonar Stuyvesant ce. Titin Wall Street na masu hada-hadar hannun jari yana kan layin ganuwar 1653, wadda Ingila ta rushe a 1699. Harshen ya daɗe a ƙauyukan bakin kogin Hudson. Martin Van Buren, shugaban Amurka na takwas da ya hau a 1837, da harshen Holan ya tashi a gidansu, haka ma Sojourner Truth, baiwar da aka haifa wajen 1797 ta zama mai yaƙi da bauta, sai da aka sayar da ita ga masu Ingilishi tana yarinya sannan ta koyi harshensu.